Layin Bas na Zangon Maliki

A shekarar da majalisar garin Rufa'a ta tashi sa bas a hanya, Zangon Maliki ya yi shekara arba'in da bakwai a inda yake, amma ko ɗakin bulo guda babu a cikinsa. Bukkoki ne na kara da ciyawa, sai rumfuna, sai dangar ƙaya da ake sabuntawa duk rani. Ba rashi ne ya hana su ba. Suna noman bakin kogi, suna haye ruwa su tsinci auduga a gonakin Jazira, akwai masu shanu, har da mai rediyo.

Iyayensu daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa, da niyyar Makka. Da suka iso nan gabashin kogi, kudu da Rufa'a, sai Malam Maliki, wanda ke jan ayarin, ya ce a tsaya damina guda a haɗa guzuri. Daminar nan ce ta yi ta haihuwa. Aka yi aure, aka yi suna, aka yi jana'iza, amma duk wanda ka tambaya sai ya ce maka suna kan hanya.

Almu, ɗan Malam Maliki, shekararsa goma sha biyu ranar da aka sauke kaya. Shi ne mai gari a lokacin da nake ba da labari, shi ke riƙe da ɗan hatimin tagulla da hukuma ta bai wa mahaifinsa, rataye a wuyansa ƙarƙashin riga. Ranar da tsohon zai cika, ya kama hannun Almu ya ce, "Kar ka taɓa ce ma kowa mun zamna, ko da bakinka ko da hannunka." Almu ya ce ya ɗauka. Shekara talatin yana riƙe da maganar, kuma bai taɓa jin nauyinta ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Wata Talata da hantsi sai ga jif ta tsaya a bakin masallaci. Wani siririn saurayi Balarabe ya sauko da takardu a hammata, ya ce sunansa Abdulmuttalib, shi ne muhandis, wato injiniyan da majalisa ta ɗora wa zana hanyar bas. Almu ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa, aka ɗora jabana, tukunyar gahawa, a wuta, ƙanshin gahawa da citta ya tashi. Da Larabci suka yi maganar.

"Ya Hajji, ku nawa ne a nan?"

"Ban kai ba tukuna, ɗana. Almu kawai za ka ce. Gidaje ɗari da goma sha wani abu."

Muhandis ya rubuta. Ya tambayi jakuna nawa, kekuna nawa, ina mutane suka fi zuwa. Sannan ya ɗora bakin alƙalami a kan wasu akwatuna biyu da ke ƙasan takardar.

"Nan hilla ce ko kambo?"

Hilla ita ce gari zaunanne. Kambo kuwa sansanin 'yan ƙwadago ne, waɗanda ke watsewa da an gama auduga. Almu ya ji kalmar kambo ta sosa masa rai.

"Mu ba kambo ba ne. Dubi masallacinmu."

"To, hilla ke nan."

"Ba hilla ba ce. Zango ne."

"Babu zango a takardata. Bari in sauƙaƙa: za ku zauna ko za ku tashi?"

"Za mu tashi, in Allah ya yarda."

"Yaushe?"

"In guzuri ya cika."

Saurayin ya dubi bishiyar darbejiya da ke kansu, wadda mutum biyu ba sa iya rungumarta, ya dubi Almu. Ya sa alama a akwati na biyu, ya shanye gahawarsa ya tafi. Almu ya wuni da daɗin rai, yana jin ya amsa yadda mahaifinsa zai so.

Wata biyu aka yi ana ta ce-ce-ku-ce a Rufa'a kan maganar nan, Zango na jin ta daga bakin Sodangi, ɗan Almu, wanda ke ɗinki a kasuwa yana zuwa da keke. Wasu 'yan majalisa sun ce a sa lori da bencina a baya, ya fi jure rami. Wasu suka ce lori na buhu ne, mutane a sa musu bas mai tagogi. Masu karo, amalanken jaki da ke kwasar kaya daga bakin kogi, suka yi ƙorafi cewa za a kashe musu sana'a, aka ce su riƙe kaya, bas ya ɗauki mutane. Aka yi maganar bin gefen kogi, aka tuna cewa da ruwa ya sauka baƙar ƙasar nan tana haɗiye taya har gatari. Daga ƙarshe aka manna taswira a ƙofar majalisa.

Sodangi ya dawo da la'asar, ya jingine keke, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya zana abin a ƙasa da tsinke. Layin ya tashi daga mashigar bantun, jirgin ruwan da ke hayar da mutane, ya ratsa kasuwa, ya bi ta asibiti da makarantar 'yan mata, sannan ya miƙe kudu a kan tudu zuwa ƙauyukan Larabawa.

"Mu fa?" in ji Mero, matar Almu, daga gindin murhu. Ba ta daɗe da dawowa daga gari ba, ƙafarta na cikin kwanon ruwan ɗumi.

"Da akwai layi na biyu, Iya, wanda ke biyowa ta nan. An soke shi. An rubuta cewa mazauna wurin masu tashi ne."

"Wa yac ce musu haka?"

Sodangi ya sunkuyar da kai yana gyara zanensa. Almu ya shiga neman wani abu a aljihu.

Mero ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa a mashigar bantun. Tun tana amarya take fita bayan sallar asuba da faranti a ka, ita da matan Zango kusan talatin, su yi tafiyar awa biyu, su dawo rana ta sunkuya. Gwiwarta ta hagu ta shekara uku tana kumbura, ba ta taɓa fashi ba.

"Malam," ta ce, "kai na ke tambaya."

"An tambaye ni gaskiya, na faɗi gaskiya."

"To, madalla. Yaushe za mu tashin? In ɗaure tukwanena?"

"Ke dai ba ki raina abin magana."

"A'a, ka gaya mani. Shekara talatin da biyar ina jin muna kan hanya. Ni dai na san ina kan hanya, kullum ta Allah. Kai kuwa kana kan tabarma. Da an jera tahiyar da ƙahwag ga ta yi tsakanin nan da bantun, da na je Makka na dawo, na koma in ɗauko ka."

Sodangi ya ƙunshe dariya ya fice. Almu ya ce mata maganar Makka ba abin wasa ba ce. Ta ce ita ma gwiwarta ba abin wasa ba ce.

Washegari Almu ya ɗaura wa jakinsa sirdi ya ce zai shiga gari ya ga muhandis. Ya fita tare da matan. Rabonsa da bin hanyar nan da sassafe har ya manta. In zai je Rufa'a da hantsi yake tafiya, shi kaɗai. Ya ce wa Mero ta hau jakin, ta ce man gyaɗa ba ya son rawar jaki. Sai ya bi su a baya yana jan linzami.

Tun daga bakin danga suke hira, suna tsokanar juna, wata ta ɗauko waƙar daka ta gida sauran su amsa. Amma da aka iso kwarin da ke tsakanin Zango da tudu sai hirar ta ɗauke. Gangare ne mai tsayi, ƙasa ta tsage kamar tafin ƙafa. Almu ya ga mata biyu sun matso ba tare da an kira su ba, sun sauke wa Mero faranti. Ta zauna a ƙasa, ta ja jiki da mazaunai har ƙasan kwarin, sannan suka kama ta suka haurar, suka aza mata kayan. Ba wadda ta waiwayo ta dube shi. Daga yadda suka yi ya gane ba yau suka fara ba.

Ofishin muhandis ɗaki ne guda, da fanka a sama da taswira ta cika bango. Abdulmuttalib ya tashi ya ba shi kujera.

"Ni layinku na fi so," ya ce, yana bin shi da yatsa. "Na kwana bakwai ina zaune a bakin kasuwa ina ƙirga masu shigowa. Daga kudu, babu hanyar da ta kai taku mutane. Wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ma ta yi mini faɗa, ta ce in ƙirga ta sau biyu don da ƙafa ɗaya take tafiyar."

Almu ya yi gyaran murya. "Na san ta."

"Matsalar kwarin nan ce. Sai an yi masa gada, ƙarama amma ta siminti. Majalisa ta ce ba za ta zuba siminti don mutanen da suka ce da bakinsu za su tashi ba. Ba su yi laifi ba, ya Hajji."

"To me za a yi?"

Ya jawo takarda daga aljihun tebur. Layi uku ne kawai: cewa Zangon Maliki gari ne zaunanne, mutanensa ba su da niyyar tashi. Ƙarƙashi an bar wurin hatimin mai gari. Ranar Asabar majalisa za ta zauna zaman ƙarshe, in takardar ta iso kafin nan za a sake duba layin.

Almu ya daɗe yana kallonta, ko da yake ba ya karanta irin wannan rubutun.

"Ba za a rubuta cewa mun zauna kafin mu tashi ba?"

Saurayin ya yi murmushi, ba na raini ba. "Wallahi duk duniya haka muke. Amma bas ba ya bin irin wannan magana."

"Ko a ce ba mu san ranar tashi ba?"

"Abin da ke rubuce, shi kaɗai suke so."

Almu ya ninke takardar ya sa cikin hula.

Kwana uku yana yawo da ita. Ya je gona da ita, ya yi sallah da ita. Ya yi ta ƙoƙarin tuno fuskar mahaifinsa, sai ya ga ƙafafunsa ya fi tunawa: dogayen ƙafafu masu faso da ke gabansa wata da watanni, a Barno, a Wadai, a Darfur, shi yana biye da tulun ruwa. Mutumin nan ya binne mata da 'ya'ya biyu a hanya, bai juya ba. Abin da ya roƙa a wurin ɗansa bai fi kalma guda ba, ita ma ba cewa ya yi a faɗa ba, cewa ya yi a bar ta. Sai kuma Almu ya ga Mero tana jan jiki a gangare, da zanenta mai kyau na zuwa kasuwa.

Ita kuwa ba ta ƙara tayar da maganar ba. Wannan ya fi damunsa. Da faɗa ta ci gaba da yi, da ya sami abin da zai mayar.

Ranar Juma'a bayan an sallame, dattawa suka zauna a gindin darbejiya, matasa suka tsaya a baya. Almu ya sa Sodangi ya karanta takardar ya fassara. Nan take wuri ya rabu. Masu 'ya'ya a makarantar gari da masu marasa lafiya suka ce a buga hatimi a huta. Malam Abdussalami, limamin gari, wanda shi ma da ƙafarsa ya zo yana yaro, ya ɗaga sanda.

"Yau takarda, gobe bulo, jibi a manta abin da yak kawo mu. Iyayenmu ba don bas sunka baro gida ba. Almu, ina nan zamne sa'adda tsoho yak kama hannunka."

"Na sani, Liman."

"To?"

"To ban manta ba. Ba ni bugawa."

Matasa suka fara gunaguni. Wani daga baya ya ce to ai sai a tashi yau ɗin, a ga wanda zai kai bakin kwari cikin tsofaffin. Aka yi masa tsawa. Almu ya jira hayaniyar ta kwanta, sannan ya sa hannu cikin riga ya zaro igiyar. Ta maƙale a kunnensa, hularsa ta faɗi, sai da wani ya ɗauko masa. Ya miƙa hatimin wajen ɗansa.

"Karɓi."

Sodangi ya ja da baya. "Baba, ni?"

"Ni aka kama ma hannu. Kai ba wanda yak kama naka. Nan anka haife ka, nan anka yanke maka cibi. In jama'a sun yarda, daga yau kai ad da gari. Abin da kag ga ya dace, ka yi."

"Baba, in don takardar ne, in buga in maido maka."

"A'a. In ka maido, hannuna ne yab buga ke nan. Abin da na ba ka, na ba ka."

Liman ya girgiza kai. "Wayo dai ka yi ma mamaci, Almu."

"Mai wayo ba ya tashi hannu wofi, Liman. Dube ni."

Liman ya dube shi, wuyan riga a buɗe, hula a karkace. Daga baya ya ɗaga hannu ya ja fatiha, jama'a suka shafa. Sodangi ya karɓi hatimin da hannu biyu. Da asubar Asabar ya hau keke da takardar.

Majalisa ta amince da layin Zango. Aka yi gadar kafin damina, mutanen garin da kansu suka kwaso yashi. Aka zuba tsakuwa daga bakin tudu har ƙofar masallaci. Bayan ruwa ya ɗauke, wata Lahadi, bas ya iso: kore ne da fari, da tsani a baya na hawa da kaya, direban na ta matsa ƙaho tun daga gada, awaki na tsere. Sau huɗu zai riƙa zuwa a rana.

Kafin nan Almu ya riga ya ga abin da ya bayar. Masu rigimar iyakar gona suna wuce ƙofarsa su gaishe shi da ladabi, su nufi gidan Sodangi. Jami'in lafiya ya zo ya tafi bai sani ba sai da aka ba shi labari. Tabarmar baƙi ta daina fita daga ɗaki. Bai yi ƙorafi ba, sai dai wani lokaci hannunsa kan je wuyansa ya dawo. Gidan bulo na farko ma ya tashi a shekarar, na wani mai shanu. Almu ya canza hanyar zuwa masallaci na 'yan makonni, sannan ya gaji ya koma tsohuwar.

Ranar farko ta bas, Mero ta sa aka ɗora farantinta a cinyarta, ta ƙi yarda a kai shi sama. Ta leƙo ta taga ta ce masa, "Malam, in ya kihe da mu, kai kaj ja." Ya ce in ya kife ta riƙe man da kyau.

Ya koma rumfa ya zauna. Garin ya yi shiru kamar kullum in mata sun fita. Ya jawo carbi, ya gyangyaɗa, ya farka. Rana ba ta kai tsaka ba ya ji ƙaho, jim kaɗan sai ga Mero ta shigo da faranti wayam. Ta riski jirgin farko, wanda ba ta taɓa riska ba, 'yan auduga suka kwashe kayan tas.

Ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube kamar baƙuwa. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganinsa a wannan lokacin ba, in ba Juma'a ko sallah ba, su kuwa ranakun girki ne da baƙi. Ta shiga ɗaki ta fito. Ta ɗauki tsintsiya, ta ga an yi shara, ta ajiye.

"Kai yanzu mi kake yi, in na tahi?"

"Abin da kike gani."

"Shi ke nan?"

"Da can akwai mutane."

Ta dubi rumfar, inuwar ta tsuke ta koma gefe guda, daidai inda yake zaune.

"Matsa," ta ce.

Ya matsa. Ta zauna ta miƙe ƙafar hagu, ta jingina da turken rumfa. Suka yi ta kallon kaji. Can ta ce kujerun bas ɗin sun yi tauri, direban kuma yaro ne marar kunya, yana kiranta Hajja yana dariya. Almu ya ce zai yi wa mai gari magana. Ta kalle shi ta gefen ido, ta ga da gaske yake, sai ta yi dariyar da ta sa kajin suka watse.

"Tashi ka ɗora jabana," ta ce. "Ni yau hutawa nike."